Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi A Wajen Baje Kolin Kimiyya Na Kan Titi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma Kwamishinan Ilimi, babban baƙonmu na yau, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagaci da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Limamanmu, Allah ya gafarta malam. Iyayenmu mata da suka bar girki da wanki suka fito tun hantsi, shugabannin makarantu, ƴan uwana malamai, da ku yara manyan gobe da kuka cika titin nan maƙil, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, a madadin kwamitin da ya shirya wannan taro da duk mutanen unguwar nan muna maka barka da zuwa, sannu da hanya, sannu da rana. Mun san yau Asabar ce ranar hutunka, kuma mun san takardun gayyata nawa ke jibge a teburinka amma ka zaɓi kazo nan inda ba zaure ba esi, sai kanofi da benci da ƙura, wallahi wannan kaɗai ya faranta mana rai, Allah ya saka da alheri.

Da muka fara maganar taron nan akwai waɗanda suka ce a yi shi a harabar makaranta mana, ga katanga ga geti ba sai an tare hanya ba. Mu kuma muka dage sai a titi, kuma dalilinmu ɗaya ne. In an yi a makaranta ƴan makaranta ne kawai zasu gani, uwar yaro bazata shiga ba, mai shayi bazai bar teburinsa ba, almajiri ma tun daga geti za a ce ya koma. Amma titi na kowa ne. Mu so muke uba ya tsaya kusa da ƴarsa su sa hannu a abu ɗaya, su ga abin ya canza a gabansu, su koma gida suna gardamar me ya sa. Shi yasa dokar wurin nan guda ɗaya ce tal, duk abin da ka gani a kan tebur taɓa shi, ba wanda zai ce maka kul.

Bari in ɗan zagaya da kai da baki kafin ka zagaya da ƙafa.

Tebur na farko nan hannun damanka zobo ne, zobon da muke sha ɗin nan ba wani na daban ba. An zuba shi a kofuna uku. Yaro zai matsa lemon tsami a na farko sai ka ga jan ya ƙara haske ya yi wur, ya ɗiga ruwan kanwa a na biyu sai ya rine ya koma duhu-duhu mai ratsin kore, na ukun a barshi yadda yake don a gwada. Abin da ke faruwa shine launin da ke cikin furen zobo yana sauyawa gwargwadon tsamin abin da ya haɗu dashi ko kaifin kanwarsa, aikin da takardar gwajin asid ke yi a ɗakin gwaje-gwaje kenan, takardar da yawancin ɗalibanmu sai dai su ga hotonta a littafi. Kuma a teburin ne ake haɗa garin kanwa da ruwan lemon tsami a gora a ɗaura balan-balan a bakinta, haɗin ya yi ta kumfa iskar da ke fita ta hura balan-balan ɗin ba tare da kowa ya sa baki ba. Ɗazu da safe wata baiwar Allah, dattijuwa, ta tsaya ta kalla har aka gama sannan tace ai ita tun tana budurwa take saka kanwa a wake don ya yi saurin nuna, take sakawa a kunun tsamiya in tsamin ya yi yawa, ashe wannan ma karatu ne. Malamar da ke teburin tace mata Hajiya ai ke ce malamar, mu suna kawai muka sani. Yanzu haka tana can ta ɗaure ɗankwali tana nunawa yara da kanta, in kaje zaka sameta.

Daga nan sai rumfar tukwane, kuma nan nake roƙon ka ɗan daɗe ranka ya daɗe. Tukunya ce ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi a jiƙa shi sharkaf, a zuba tumatur da tattasai da gauta a ƙaramar a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke cikin yashin yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, kuma duk ruwan da ya tashi da zafi yake tafiya, sai cikin ya yi sanyi. Mun saka ma'aunin zafi ɗaya a ciki ɗaya a waje yara su karanta da idonsu su rubuta a allo, sannan a tambaye su me yasa abin yafi aiki da rani fiye da damina, su gano da kansu cewa in iska ta riga ta ƙoshi da laima bata iya ɗaukar wani ruwan. Wannan dabara wani malami ne daga Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya inganta ta ya yaɗa ta a ƙauyuka, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A gwajin da ya yi gautan da kan lalace cikin kwana 3 sai da ya kai kwana 27. Ba wuta ba janareta ba firji, yumɓu ne da yashi da ruwa. Kuma abin da yafi taɓa ni a labarinsa shine damuwarsa da yara mata da ake cirewa daga aji su tafi talla da sauri kafin kayan miya su ruɓe, in kayan zasu jira to yarinyar ma zata iya zama a aji. Mutumin nan maƙocinmu ne, Dutse ga ta nan, amma da na tambayi ɗalibaina ko sun taɓa jin sunansa shiru aji ya yi. Yau dai zasu ji, kuma maginan tukwane da suka kawo mana kayan suna wurin su ne zasu yi bayanin irin ƙasar da ake gini da ita da yadda ake gasawa.

Gaba kaɗan akwai marina, mun gayyato su da ƙaramin baho na baba. Mu Kanawa muna alfahari da karofin Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 yake, muna kai baƙi su ɗau hoto, amma yaranmu nawa ne suka san cewa in aka tsamo ƙyalle daga ruwan baba ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa sai iska ta buge shi sannan ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonka? Shi yasa marini ke tsomawa ya ɗaga ya tsoma ya ɗaga, iskar yake baiwa dama ta yi aikinta. Kowane yaro za a bashi ɗan farin ƙyalle ya ƙulle da zare ya rina ya tafi dashi gida, iyaye a yi haƙuri da hannuwa, shuɗin zai fita.

Teburin wuta da maganaɗisu kuwa masu gyaran fanka da janareta na bakin kasuwa muka baiwa, su da basu taɓa tsayawa gaban allo ba. Ƙusa ce da wayar jan ƙarfe da batir ɗin tocila, a nannaɗe wayar a jikin ƙusa a haɗa da batir sai ƙusa ta fara ɗaukar allura, a cire batir allurai su zube. Daga nan sai su buɗe tsohuwar fanka su nunawa yara ai nannaɗin nan ne a ciki. Kusa dasu yara ne da motocinsu na kara da na gwangwani, mun ce kowa ya zo da tasa, kuma kar a raina musu, Jelani Aliyu ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka shima yaro ne da ya taso da son zanen mota.

Akwai teburin ruwa, iyaye mata dan Allah kar ku wuce shi. Ana tace ruwan kududdufi da tsakuwa da yashi da gawayi ya fito garau, sannan a ɗiga shi a ƙarƙashin madubin likita, wato na'urar da ke nuna ƙananan abubuwan da ido baya gani, a ga cewa garau ɗin ido ba shine tsafta ba, sai an tafasa. A nan ne kuma ma'aikatan lafiya ke koyar da haɗa ruwan gishiri da suga na mai gudawa, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, kowa ya auna da hannunsa har sai ya iya.

Can ƙarshen layi inda ka ga yara sun kifa kwalaye a ka, akwatin duhu ne. Kwali ne aka huda masa ƴar ƙofa kamar ta allura, hoton titi ya faɗo a farar takarda a ciki amma a kife, masu adaidaita suna tafiya ƙafa a sama. Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya yi bayanin wannan shekara kusan dubu da ta wuce, kuma da irin kwalin nan ake kallon husufin rana ba tare da an ɗaga ido an kalle ta ba, don kallonta kai tsaye yana ƙona ido. Manya a nan sun tuna 29 ga Maris 2006 da gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina, mutane suka yi ta tururuwa masallaci. Wani na nan tafe ranar 2 ga Agusta 2027, zai rufe rana ruf a Makka da Jidda, mu nan zamu ga wani sashe, muna so kafin lokacin kowane gida a unguwar nan ya iya haɗa kwalinsa. A gefe kuma an zana gida tara a ƙasa da alli, a jera 1 zuwa 9 yadda ko ta ina ka haɗa layi zai baka 15. Malam Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan ƙa'idojin jera irin waɗannan gidaje, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Tun safe wani tela ya ajiye keken ɗinkinsa yana tsugune a wurin shi da ɗansa, sun ce ba mai tashi sai ta fito.

Ranka ya daɗe, duk abin da na lissafa ɗin nan karo-karo muka yi muka haɗa, malamai da ƴan kasuwa da matan unguwa, kusan komai daga kicin da kasuwa da bola ya fito, abin da muka aro kawai madubin likita ne guda ɗaya, shi yasa zaka ga layinsa yafi na ko'ina tsawo. Ni malamin kimiyya ne, kuma abin da ke ci min rai shine in ga yaro ya kai aji shida na sakandare ya haddace sunan kowane kayan gwaji, ya iya zana shi tsaf, amma bai taɓa riƙe shi ba sai ranar jarrabawa, hannunsa na rawa. Yaran nan ba daƙiƙai bane wallahi, hannunsu ne ba a baiwa komai ba.

To tunda Allah ya kawo ka bazamu ɓoye buƙatarmu ba, kuma bata da yawa. Muna roƙon ma'aikatarka ta taimaka mana da akwatunan kayan gwaji, madubin likita da ma'aunin zafi da maganaɗisu da gilasai, waɗanda zasu riƙa zagayawa makarantun yankin nan har da islamiyyu da tsangayu, a sa hannu a karɓa a sa hannu a dawo dasu, mu mun ɗau nauyin kula da rajistar. Muna roƙon a bamu izini a rubuce na yin wannan taro sau ɗaya kowane zangon karatu don kar kullum sai mun yi ta yawon ofis-ofis kafin a bari mu tare hanya. Sannan malaman firamare, su ne tushe kuma su aka fi mantawa, in za a haɗa musu bita ko ta kwana biyu ce a kan koyar da kimiyya da kayan gida, ga malamai nan a shirye zasu koyar kyauta, wuri da takarda kawai muke nema. In wasu unguwanni suna so su yi irin nasu ƙofarmu a buɗe take, duk yadda muka haɗa komai mun rubuta da Hausa zamu basu.

Godiya ta musamman ga mai girma Hakimi da ya tsaya mana tun ranar farko, da ƴan sintirin unguwa da suka kwana gadin kanofi, da masu shagunan layin nan da suka haƙura da cinikin yau, da ƴan adaidaita da suka yarda suka canza hanya ba tare da rigima ba. Allah ya biya kowa.

Yara a bi layi a hankali, manya a bar ƙanana su shiga gaba, ruwan sha na nan bayan rumfar tukwane, za a tsaya in an kira azahar a dawo bayan sallah har zuwa la'asar.

Ranka ya daɗe, ba ribon da zaka yanke a nan, kofin zobo ne da lemon tsami ke jiranka a tebur na farko, muna roƙon ka naɗe hannun riga ka matsa da kanka, daga nan taro ya buɗe. Allah ya maida kai gida lafiya, ya yi riƙo da hannunka a wannan aiki da aka ɗora maka. Bismillah.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.