Sarautar da ba ta da ƙasa, ba ta da talakawa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau za mu leƙa Sifaniya, ƙasar da har gobe manyan gidaje ke gadon sarauta a ƙarƙashin sarki, amma sarautar da ba ta da ƙasa, ba ta da talakawa, ko dogari ɗaya babu.

Da can ba haka abin yake ba. A 1472 Sarki Enrike na Huɗu na Kastila, wata tsohuwar masarauta a Sifaniya, ya naɗa wa García Álvarez de Toledo sarautar Duke na Alba, kuma a lokacin mai irin wannan rawani yana da garuruwa da gonaki da mayaƙa. Manyan cikinsu, waɗanda ake kira Girande, ba sa tuɓe hula a gaban sarki, shi kuma sarki "ɗan uwa" yake ce musu. Idan kun ji gidan Medina Sidonia, ɗaya daga cikin waɗannan gidajen sarauta, kunnenku bai yaudare ku ba, madina ce ta Larabci, ragowar zamanin Andalus.

Sai zamani ya riƙa zare musu gata ɗaya bayan ɗaya. Jamhuriyar da ta maye gurbin mulkin sarki ta soke sarautun a 1931, Janar Franko, mai mulkin ƙasar a lokacin, ya dawo da su a 1948, a 1984 aka karɓe fasfon diflomasiyyar Girande. Yau magaji sai ya rubuta takarda zuwa Ma'aikatar Shari'a, ya biya haraji, sannan sarki ya sa hannu. Wato kai ne za ka biya gwamnati don ka amsa sunan kakanka!

Duk da haka ba a daina kokawa a kai ba. A 2006 majalisa ta yi dokar da ta ce ɗan fari ne magaji, namiji ne ko mace. A ganina nan aka taɓa jijiyar gidajen, don ƙanne maza da suka girma suna jiran gado sun wayi gari yayyensu mata sun sha gabansu, wasu har kotu.

Ku tuna da Cayetana, Dukesa ta Alba ta 18, mai sarautu sama da 40. A 2011, tana da shekara 85, ta ce aure za ta yi da wani ma'aikacin gwamnati da ta girme wa nesa ba kusa ba. 'Ya'yanta shida suka ƙi, sai ta raba musu gado tun tana raye, aka ɗaura aure a Sebiliya, ta cire takalmi ta taka rawa a ƙofar fadarta. Ta rasu a 2014.

Gwamnati kuma tana iya warware rawanin da ta naɗa: a 2022 doka ta soke sarautu 33 masu alaƙa da mulkin Franko, har da ta iyalinsa. Sarki Felipe na Shida kuwa sai a 2025 ya fara naɗin nasa, kuma cikin waɗanda ya ba sarautar Markes akwai tsohon ɗan wasan tanis Rafael Nadal.