Abin da ɗalibai ke nema a lakar bakin teku

Duk wanda ya saba zuwa kasuwar kifi ta Kado a nan Abuja ya san jatan lande, ya kuma san bandar bonga, amma ba kowa ne ya san cewa waɗannan halittu suna yin ƙuruciyarsu a ruwa mai laka, inda kogi ke haɗuwa da teku ba. Irin wannan wuri ake kai ɗaliban nazarin halittu domin su ga da idonsu abin da suka karanta a aji.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare ita ce fadamar gishiri, wato filin da teku ke malalewa a kansa ya sake janyewa sau biyu a rana, saboda jan da wata ke yi wa ruwa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, wanda zai ƙone yawancin tsirrai, sai dai ciyawar Spartina da ta mamaye gaɓar gabashin Amurka tana fitar da gishirin ta ganyenta, har ɗalibi yakan shafa yatsa a ganyen ya ga farin gari. A tsibirin Sapelo na jihar Jojiya ta Amurka ne wani masanin halittu mai suna John Teal ya yi binciken da ya wallafa a 1962, inda ya kiyasta cewa kusan rabin abincin halittu da tsirran fadamar ke samarwa ruwa ne ke kwashe shi ya kai bakin teku. A ƙasashe masu zafi kamar Najeriya, dazuzzukan mangurof, wato itatuwan da ke tsirowa a lakar ruwan gishiri, su ne ke yin wannan aiki, kuma na yankin Neja Delta shi ne mafi girma a Afirka.

Aikin ɗalibai yana farawa da duba jadawalin cikar teku, domin lokacin janyewar ruwa yakan jinkirta da kimanin minti 50 kowace rana. Biyu daga cikinsu sukan riƙe bakin taru su ja shi cikin ƙorama, laka na kama musu ƙafa, sauran kuma suna jira a gaɓa da roba cike da ruwan wurin. Ana juye kamun a ciki, a tantance jinsin kowane kifi, a auna tsawonsa, a rubuta, sannan a mayar da shi ruwa da ransa. Wani ɗalibin kuma yana ɗiga ruwa a kan gilashin na'urar awon gishiri, ya ɗaga ta wajen haske ya karanta.

Lissafin ne ke buƙatar natsuwa. A ce taru biyu kowanne ya kamo kifi 100 daga jinsi biyar. A na farko 96 jinsi ɗaya ne, a na biyu kuwa kowane jinsi 20. Adadi ɗaya ne, amma wuri na biyu ya fi yalwar jinsuna nesa ba kusa ba, kuma wannan bambanci ne ma'aunin Shannon ke fitarwa, wato lissafin auna yalwar jinsuna da aka aro daga aikin masanin lissafi Claude Shannon na 1948 kan sadarwa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci da ziyara ɗaya. A tafkin Legas gishiri yakan ragu ƙwarai da damina idan koguna suka kawo ruwa, ya ƙaru da rani, kifayen teku kuma su shigo ko su fice daidai da haka. Ɗalibin da ya ja taru a watan Yuli da wanda ya ja a Fabrairu za su dawo da jeri mabambanta daga ƙorama guda, shi ya sa malami ba ya karɓar takardar kamu sai an rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa, da awon gishiri a samanta.