Furoksin da aka bari a buɗe, wa yake yi wa aiki?

Malama: Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Injiniya, a saitin furoksi, wato sabar da ke shiga tsakanin burawuza da intanet, akwai gurbi biyu, na adireshi da na lamba. Me ake cikewa?

Injiniya: Na farko adireshin IP ne na sabar furoksin, na biyu kuma fot, wato lambar ƙofar da manhajar furoksin ke jiran buƙata a kanta. Manhajar furoksi ta Squid kan zo da 3128, nau'in furoksi na SOCKS da 1080, furoksin rautar MikroTik da 8080. Burawuza takan miƙa masa buƙata, shi ya je ya ɗauko shafin. In HTTPS ne, wato shafi mai ɓoye bayanai, sai ta aika umarnin CONNECT da sunan shafin da fot 443, ya shimfiɗa mata hanya. Ba ya karanta abin da ke ciki, amma ya san inda kika je.

Malama: Ai CONNECT ɗin nan ne abin tsoro. In ba a taƙaita shi ba, baƙo zai ce a haɗa shi da fot 25 na aika imel ya riƙa watsa saƙonnin banza, kuma adireshinka ne zai shiga baƙin littafi. Shi ya sa Squid ya zo da layin da ke hana CONNECT sai zuwa 443. Wasu kuwa da abu ya ƙi aiki sai su rubuta http_access allow all, wato a bar kowa ya shiga, su kama gabansu.

Injiniya: Tabbas. Ga kuma adireshin sauraro, wato inda furoksin ke karɓar buƙata. In 127.0.0.1 ne, kwamfutar ce kaɗai ke iya shiga. In 0.0.0.0 ne, kowane katin sadarwa ya buɗe, har na ɓangaren intanet. Na'urorin bincike irin Shodan, masu zaƙulo fot ɗin da aka bari a buɗe a intanet, kuwa ba sa barci.

Malama: Masu kafe da masu sayar da wayfai su tuna 2018. An bi ta raunin Winbox, manhajar sarrafa rautar MikroTik, a fot 8291, aka kutsa cikin rautocin MikroTik kusan 200,000, an fara da Barazil, aka kunna musu furoksi yana cusa rubutun Coinhive na haƙar kuɗin intanet na Monero a shafukan da kwastomomi ke buɗewa. Alhali gyaran ya fito tun Afrilu, ba a sabunta ba ne kawai.

Injiniya: To kalmar sirri fa, Malama? Wasu na ganin ta wadatar.

Malama: Ina! SOCKS5 a fili yake aika suna da kalmar sirri, tsarin Basic na furoksin HTTP kuma base64 ne, wato sauya haruffa kawai, yaro ma zai warware. Sauya lambar fot ma ɓata lokaci ne, manhajar binciken fot ta nmap za ta zaƙulo ta.

Injiniya: A Linux, mutum ya buga ss -ltnp ya ga abin da ke sauraro. Ya ɗaure furoksin a adireshin cikin gida, katangar tsaro ta toshe fot ɗin daga waje, sannan ya gwada shiga da datar wayarsa.

Malama: In ya shiga, to da sauran aiki. Ya leƙa access.log kuma, fayil ɗin da Squid ke rubuta waɗanda suka shiga, ya nemi adiresoshin da ba na gidansa ba.