Darasi: Yadda ake samo wa motar haɗin gida lambar shaida da takardar mallaka a Kalifoniya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau sifana za ta huta, maganar takardu za mu yi. Wannan da kuke gani a bayana kwaikwayon mota ƙirar Cobra ce ta 1965. Wani bawan Allah ne ya haɗa ta a garejin gidansa: bodi da shasi daga kamfanin Factory Five da ke jihar Masacusets, inji da giyabos kuma daga wata tsohuwar motar Ford Mustang ya ciro su. Tana tashi, tana tafiya, ƙararta ma sai ta hana maƙwabta barci. Amma a wajen hukuma ba mota ba ce tukuna, tunda ba ta da lambar VIN, lambar nan da muka fi sani da lambar shasi. In babu ita babu takardar mallaka, babu rajista, babu lambar da za a maƙala mata a baya.

Dokar jihar Kalifoniya ta Amurka zan bi, don a nan nake aiki. Kowace jiha da tsarinta. A Teksas, misali, jami'an sashen binciken satar motoci ne ke duba ta, su cike fom mai suna VTR-68-A. Amma abin da jami'in ke nema ɗaya ne ko'ina, ku riƙe shi tun yanzu: ba kyan motarka ya zo gani ba, ba ruwansa da fentinka ko waldarka. So yake ya tabbatar babu kayan sata a jikinta, kuma duk wani babban ƙarfe da ke ciki naka ne. In ka gane wannan, sauran duk mai sauƙi ne.

Mu ɗan taɓa ita lambar tukuna. Tun motocin 1981, duk motar da kamfani ya ƙera don kasuwar Amurka tana ɗauke da haruffa da alƙaluma 17. Ba a sa I, ba a sa O, ba a sa Q, don kada a rikita su da 1 da 0. Ukun farko su ke faɗin ƙasa da kamfani: in ta fara da 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, W Jamus. Na goma shi ne shekara. Na tara kuwa ɗan sanda ne a cikin lambar, lissafi ake yi da sauran 16 ɗin a fitar da shi, don haka in wani ya zauna ya ƙago lamba da ka, galibi kwamfuta za ta ƙi ta nan take. Kai da ka haɗa mota a gida ba kamfani ba ne, ba ka da ikon ba ta lamba. Jiha ce za ta ba ta.

Ga abin da wasu ke yi, kuma kul na ce. Sai mutum ya samo farantin lamba na wata tsohuwar mota da ta mutu, ya ɓamɓaro, ya ɗaura wa tasa, wai don ya huta da zirga-zirga. Wannan ba dabara ba ce, laifi ne. Dokar tarayya ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5 ga wanda ya cire ko ya sauya lambar shaidar mota da gangan, kuma dokar Kalifoniya ta ba 'yan sanda ikon kama motar da aka taɓa lambarta. Ka kashe kuɗinka da lokacinka, a ƙarshe ka ga ana jan ta a gabanka.

To, daga ina ake farawa? Daga ranar da ka sayi ƙarfen farko, ba ranar da ka gama ba. Ɗan'uwa, matso da kyamarar nan su ga jakar. Kun ga wannan? Ita ce rabin aikin. Ta farko a ciki, takardar asali da kamfanin da ya yi bodi da shasi ya bayar, wadda ake kira MSO ko MCO. Ga sunan mai saye, ga lambar da suka buga a jikin shasin. Ta gaskiyar ake so, ba hoto ba, kada ka naɗe ta ka cusa a aljihu. Sai rasit na inji, rasit na giyabos. In daga wata mota ka ciro su, a rubuta lambar VIN ta waccan motar a jikin rasit ɗin, da sunan mai sayarwa da adireshinsa da sa hannunsa da kwanan wata da farashi. In kuwa motar gaba ɗaya ka saya ka farke ta, ajiye takardar mallakarta ko shaidar cewa an soke rajistarta.

Nan ne mutanenmu ke shan wuya. Mun taso da ciniki irin na Panteka, ka ga inji, ka taya, a sallama, ka biya, a yi musabaha, a ɗora maka a mota. A nan musabaha ba ta zama shaida. Ka ga inji da araha a intanet, mai shi ya ce tsabar kuɗi kawai, ba ya son rubuta komai, to ka bar masa kayansa. Kafin ka biya ma, ɗauki lambar motar da aka ciro shi ka sa a shafin intanet na NICB, ƙungiyar yaƙi da zambar inshora da satar motoci, akwai wajen dubawa kyauta da zai nuna maka ko an taɓa kai rahoton satarta ga kamfanonin inshorar da ke cikin tsarin. In rasit ya ɓace, DMV, wato hukumar rajistar motoci ta jihar, na iya neman ka kawo takardar lamuni daga kamfanin inshora, musamman in darajar abin ta kai dala 5,000. Ƙarin kuɗi ne da ɓata lokaci da za ka iya kauce wa da biro ɗaya da takarda ɗaya.

Yanzu mu buɗe bonet, in nuna muku abin da jami'in zai nema. Haska tocilar nan ƙasa, gefen fasinja, kusa da kik. Kun ga E7TE? Mutane da yawa sai su kwafi wannan su ce ita ce lambar inji. A'a. Wannan lambar zubi ce, tare da ƙarfen aka zuba ta, shi ya sa ta tasa sama. E na nufin shekarun 1980, 7 na nufin 1987, shekarar da aka tsara wannan samfurin, kuma injuna dubbai suna ɗauke da ita. Wadda ake nema bugawa aka yi, ta nutse cikin ƙarfe. Ɗago sama, bayan injin, dab da inda ya haɗu da giyabos. Ga ta can, ƴar ƙarama, wani yanki ne na lambar Mustang ɗin da aka ciro shi. Ita jami'in zai gwada da rasit ɗinka. Don haka in kana wanke inji za ka yi masa fenti, wannan wurin burushi da man wanki kawai. Kada injin gurza ya je kusa, kada ka lafta fenti ya cike ramin. Lambar da ta shafe, ko da bisa kuskure ne, kamannin sata take ɗauka, kuma kai ne za ka yi ta bayani. Shawarata, ka ɗauki hoton kowace lamba tun injin yana ƙasa, don in an ɗaura shi wasu wuraren sai da madubi ake gani.

Sai zuwa DMV. A nan sunan irin wannan mota SPCNS, ma'ana wadda aka haɗa don amfanin kai, ba don sayarwa ba, kuma ba kamfani mai lasisi ne ya ƙera ta ba. Za ka cike fom REG 343, neman takardar mallaka da rajista, da REG 5036, inda za ka bayyana wanda ya haɗa motar, daga ina kowane babban sashe ya fito, da nawa aka kashe. Faɗi gaskiyar kuɗin. Da shi ake lissafin abin da za ka biya, kuma rasit ɗinka na gabansu. In ka sayo kaya daga wata jiha ba ka biya harajin Kalifoniya a kai ba, a nan za a karɓa, ka je da shirinka.

Kafin ka bar kantar, ka nemi lambar layi ta SB 100. Ku saurara da kyau, don nan ne riba take. Doka ce ta 2001, kuma mota 500 kacal take ɗauka a shekara a duk faɗin jihar. Wanda ya samu, a wajen gwajin hayaƙi za a ɗauki motarsa a matsayin ta shekarar da bodinta ya yi kama da ita, ko ta shekarar injinta, shi zai zaɓa. In ba ta yi kama da komai ba, a ba ta 1960. To ita wannan ta yi kama da ta 1965, kuma motocin fetur na 1975 zuwa baya ba sa shiga gwajin hayaƙin da ake yi duk bayan shekara biyu. Ka ga mai hankali bodi zai zaɓa. In ba ka da wannan lambar, dole injinka ya zo da duk kayan tace hayaƙinsa, ya kuma ci gwaji. Akwai lokacin da guraben nan 500 ke ƙarewa a ranar aiki ta farko ta Janairu. Yanzu abin ya yi sauƙi, amma ka tambaya da wuri. Kuma ba kowane ma'aikaci ne ya saba da aikin ba, ba kullum ake kawo musu irinsa ba. Ka yi haƙuri, cikin ladabi ka nemi a kira wanda ya taɓa yi.

Daga nan za su ba ka fom REG 124, na neman lambar VIN ta jiha, su tura ka wajen CHP, 'yan sandan babbar hanya. Masu tantance lamba na kasuwa da kake gani a gari ba su da hurumin ba mota sabuwar lamba. Ka kira ofishin CHP na yankinka, ka nemi jami'in VIN, a sa maka rana. Ranar na iya yin nisa, don sau da yawa mutum ɗaya ne ke aikin. Ka kai motar a kan tirela, ko ka karɓi takardar wucin gadi ta izinin hawa titi da motar daga DMV, kuma ka tabbata da inshora. Ka je da jakarka duka. Kada ka yi mamaki in ya ce ka jira a waje ya shiga da motar shi kaɗai, akwai wuraren ɓoye da kamfanoni ke buga lamba waɗanda ba a nuna wa kowa. In komai ya yi daidai, zai kafa mata ɗan faranti mai lambar jiha, galibi a jikin shasi ko ginshiƙin ƙofa. Ka tanadar masa fili mai tsabta inda haƙorin injin huda zai shiga ba tare da ya huda waya ko bututun mai ba. Daga ranar, wannan farantin ba a taɓa shi, ko fenti za a sake sai a rufe shi da salatif.

Saura biyu. Duba lafiyar mota, wanda da birki da fitila kawai ake dubawa, amma tun 2024 aka faɗaɗa shi, ana yi a garejin da ke da lasisin BAR, hukumar da ke kula da garejojin gyaran mota da gwajin hayaƙi. Sai alƙalin hayaƙi na BAR ɗin, wanda yawanci a harabar kwalejoji suke zama. Shi zai dubi bodin, ya yarda cewa ta yi kama da ta 1965, ya manna mata takardarsa. Kada ka je masa kafin CHP, don lambar da aka kafa ita zai rubuta.

Sai ka koma DMV da duk abin da ka tara, su ba ka lambar maƙalawa a mota da sitika, takardar mallaka ta biyo ka ta gidan waya. Za ka ga an rubuta SPCNS a gurbin sunan kamfani, ba Ford ba, ba Shelby mai Cobra ta asali ba. Kada ka yi musu a kan haka, kuma in ka tashi sayarwa kada ka ce wa mai saye ta 1965 ce ta asali.

Wani ya tambaye ni ko zai iya haɗa mota a nan ya tura ta Legas ko Kwatano ba tare da ya bi duk wannan ba. Kwastan na Amurka suna neman ganin takardar mallaka ta asali aƙalla awa 72 kafin a fitar da mota, kuma lambar da ke takarda dole ta zo ɗaya da ta jikin ƙarfe. Don haka ko ba za ta taɓa hawa titin nan ba, ka gama da takardunta kafin ka kira mai jirgi.

Nan za mu dakata. Ɗan'uwa, rufe bonet ɗin a hankali, na roba ne. Sai mun haɗu a darasi na gaba, wassalamu alaikum.