Fasfon da Ingila ta ƙi karɓa

Hajara: Assalamu alaikum, masu sauraro barkanmu da warhaka. Daga nan Kaduna muke zuwa muku. Ina tare da Malam Isa mai koyar da tarihi, da Barista Danjuma, wanda yau ma go-sulon Kawo ya riƙe mana shi. Malam, ka ce akwai labarin wani fasfo da za ka buɗe mana da shi.

Malam Isa: To, Hajara. A 2010 aka shirya gasar duniya ta wasan lakros a Manchesta. Wasa ne da ake yi da sanda mai raga a bakinta, kuma mutanen da suka ƙirƙiro shi su ne Hodenosoni, waɗanda Turawa ke kira Irokwa, al'ummomi shida da ke zaune tsakanin jihar New York da Kanada. Suna da nasu fasfo. 'Yan wasansu suka zo tafiya, Ingila ta ce ba ta san da wannan takarda ba, su kawo ta Amurka ko ta Kanada. Suka ce mu ba 'yan Amurka ba ne, ba 'yan Kanada ba ne. Haka suka yi ta zaman otal a New York, aka yi gasar ba su.

Danjuma: Ni dai a matsayina na lauya, Malam, ban ga laifin Ingila ba. Fasfo ƙasa ce ke bayarwa. In aka buɗe wannan ƙofa, gobe kowane sarki ya buga nasa.

Malam Isa: Ai su hujjarsu ita ce sun riga ƙasashen biyu zama ƙasa. Suna da majalisar sarakunansu tun kafin Bature ya sauka, kuma yarjejeniya suka ƙulla da Turawa irin ta gwamnati da gwamnati. Ba yau suka fara ƙwanƙwasa ƙofa ba. A 1923 wani shugabansu, Deskahe, ya tafi har Janiba ya kai ƙarar Kanada gaban Majalisar Ƙasashe ta wancan lokaci. Ba a bar shi ya yi magana a zauren ba. A 1924 Kanada ta tura 'yan sanda suka rushe majalisar gargajiyar tasu, shi kuma ya rasu a 1925 bai koma gida ba.

Hajara: Innalillahi. To yaushe aka fara sauraronsu?

Malam Isa: An jima. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi wata yarjejeniya mai lamba 169 kan haƙƙin irin waɗannan al'ummomi a 1989. Amma babbar takardar ita ce sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa, 13 ga Satumba 2007. Ƙasashe sama da 140 suka amince. Huɗu suka ƙi: Amurka, Kanada, Ostireliya da New Zealand.

Danjuma: Wato masu abin a wuya kenan.

Malam Isa: Su ɗin fa. Daga baya duk huɗun suka dawo suka ce sun yarda. Amma Hajara, goma sha ɗaya ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Canki ɗaya daga ciki.

Hajara: Kar dai ka ce mu.

Malam Isa: Mu da Kenya da Burundi a Afirka. Najeriya ta ƙaurace wa ƙuri'ar.

Danjuma: Kuma ni ina ganin ta yi daidai, bari in faɗi dalili. A Ostireliya abin a fili yake: ga mutanen da aka tarar, ga waɗanda jirgin ruwa ya kawo. Mu nan wa jirgi ya kawo? Ƙasashen Afirka sun ja kunnen majalisar tun 2006, har aka ɗage ƙuri'ar, saboda takardar na maganar 'yancin kowace al'umma ta zaɓi makomarta. Ƙasar da ta yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 dole gabanta ya faɗi in ta ji wannan. Sai da aka ƙara a sashe na 46 cewa babu wanda zai fake da sanarwar ya raba ƙasa. Kuma tun 1964 a Alƙahira shugabannin Afirka suka yi alkawarin barin iyakoki yadda Turawa suka bar su.

Malam Isa: Na yarda da rabin maganarka, Barista. Rabin da ban yarda da shi ba shi ne cewa ba mu da masu irin wannan kuka. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da kanta ta yanke hukunci a ƙarar al'ummar Endorois ta Kenya, ta ce korar da aka yi musu daga bakin tafkin Bogoriya don a yi gandun namun daji zalunci ne. A 2017 kotun Afirka da ke Arusha ta ba al'ummar Ogiek, su ma na Kenya, gaskiya kan dajin Mau. Ba a tambaye su wa ya fara zuwa Afirka ba. An duba ne: mutane ne da rayuwarsu ke ɗaure da wannan ƙasa, gwamnati ta ɗauke ba ta shawarce su ba.

Hajara: In haka ne ai ba sai mun je Kenya ba. Gbagyi fa?

Malam Isa: Yauwa. Dokar 1976 da ta kafa Abuja ta faɗa kan garuruwan Gbagyi da wasu al'ummomi, kuma har yau maganar diyya da sake matsuguni ba ta mutu ba. Ita kanta Kadunan da muke zaune, lokacin da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru, ba daji suka tarar babu kowa ba, akwai ƙauyukan Gbagyi. Ga kuma Ogoni, waɗanda suka kai kukansu waje a kan mai da gurɓatar ƙasa. Da aka rataye jagoransu Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Nuwamban 1995, ƙungiyar Kwamanwel ta dakatar da Najeriya.

Danjuma: To nan ne nake jin tsoro, kuma ku bar ni in yi tsawo kaɗan. A can waje, maganar ɗan asali garkuwar mai rauni ce. A nan gida sau da yawa ita ake korar mutum da ita. Akwai yarinyar da na taɓa taimaka wa, a Tudun Wada aka haife ta, mahaifinta ma nan aka haife shi. Ta samu gurbin karatu, aka ce ta kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ta ɗauki hotunanta biyu, ta samu sa hannun mai unguwa, ta je ofis. Magatakardan ya duba sunan kakanta, ya turo mata fom ɗin ta kan tebur, ya ce ta je garinsu. Garin da ba ta taɓa kwana ba. Can kuma suka ce ba su san ta ba. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce minista sai ɗan asalin jiha, ya kuma ce kar a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda inda ya fito. Duka biyun suna cikin littafi ɗaya. Mu 'yan Kaduna mun san abin da wannan magana ta jawo, ba sai na ambaci Zangon Kataf a 1992 ba.

Hajara: Malam, ka yi shiru.

Malam Isa: Don gaskiya ya faɗa. Amma ita sanarwar 2007 ba ta ce a hana baƙo makaranta ba. Abin da ta fi nanatawa shi ne a nemi yardar mutane tun kafin a taɓa ƙasarsu, a gaya musu komai, ba tare da tursasawa ba. In za a yi dam, ko a haƙi ma'adinai a Birnin Gwari, ko a faɗaɗa gari ya cinye gonaki wajen Chikun, a zauna da masu wurin kafin katafila ta iso. Wannan bai raba ƙasa ba.

Danjuma: Su wa za a zauna da su? Hakimi? Matasa? Makiyayin da ya shekara arba'in yana ratsa wurin da shanunsa?

Malam Isa: Duka. Kuma makiyayin ma yana da hujja, don hukumar Afirka ta lissafa Fulani makiyaya na Mbororo cikin al'ummomin da take nufi.

Danjuma: Ka ga ka ƙara mini aiki kenan, Malam.

Hajara: Ku ajiye ta nan, lokaci ya cinye mu. Mako mai zuwa Barista zai zo mana da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, mu ji yadda aka yi filaye suka koma hannun gwamna. Sai ka fito da wuri.