Tafiya Peru: Ka Gangara Kafin Ka Hau

Jama'a, assalamu alaikum. Kwanakin nan hotunan matafiya a ƙasar Peru suna ta yawo, an maƙala musu robar iska a hanci, kuma duk wanda ya gani sai ya ce ai hawan Machu Pichu, tsohon garin daular Inka da ke kan dutse, shi ne ya galabaitar da su. Gaskiyar magana, da yawansu ko hango Machu Pichu ba su yi ba jiki ya ƙi. A birnin Kusko abin ke kama mutum, ranar da ya sauka daga jirgi. Bari mu bi hanyar tare, ku ga inda gizo ke saƙar.

[Hoto: gaɓar teku a Lima]

Ga Lima, babban birni, a bakin tekun Fasifik. Kwana biyu ya isa. Ku ɗanɗana sebiche, ɗanyen kifi ne da ake jiƙawa a ruwan lemun tsami da albasa da barkono, kuma ku riƙa tambaya kafin ku kai loma, don abin da suke kira chicharron yawanci naman alade ne. Idan kun yi kudu a mota, ga Wakachina, ɗan tafki a tsakiyar tuddan yashi. Mutumin Agadas zai gani ya yi murmushi, ya ce wannan ai a gida muka baro shi. Gaba kaɗan ga zanen Nazka, manyan zane-zanen mutanen da a kan ƙasar hamada, waɗanda sai daga sama ake ganin siffarsu sosai.

[Hoto: taswira, jirgi daga Lima zuwa Kusko]

To, a nan nake so ku ba ni aron hankalinku. Daga Lima zuwa Kusko bai wuce sa'a ɗaya da rabi a jirgi ba. Ka tashi daga bakin teku, ka sauka a tsayin mita 3,400. Machu Pichu kuwa mita 2,430 ne. Ku sake duba alƙaluman nan a kan allo. Kusko ya fi Machu Pichu tsayi da kusan mita 1,000. Don ku gane, Chappal Waddi da ke Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, kusan kai ɗaya da Machu Pichu. Ke nan filin jirgin Kusko ya haura ƙololuwar Najeriya nesa ba kusa ba.

A irin wannan tsayi iska ba ta da nauyi. Kowane numfashi da ka ja, abin da ke shiga huhunka wajen kashi biyu cikin uku ne na abin da ka saba samu a bakin teku. Jiki yana iya sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. In ba a ba shi ba, bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai, tashin zuciya, kasala, barci ya gagara. Mutanen can suna kiransa soroche. Bai san ƙato ba, bai san ɗan wasan ƙwallo ba. Za ka ga matashi majiyi ƙarfi ya hau matakala goma ya dafa bango yana haki, tsohuwa 'yar garin ta wuce shi da goyon kaya a baya.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne tsayin wurin da za ka kwana. Don haka shawarata, kana fitowa daga filin jirgi ka nemi mota ka gangara kwarin kogin Urubamba, wanda ake kira Kwari Mai Tsarki. Garin Olantaitambo bai kai mita 2,800 ba, tafiyar kusan sa'a biyu. Ka yi kwana biyu a can, ka sha ruwa sosai, ka ci abinci marar nauyi, ka yi tafiya a hankali. Ba za ka yi zaman banza ba: ga rijiyoyin gishirin Maras, dubbai a jikin dutse, da za su tuna maka Bilma, ga gonakin Morai masu hawa-hawa a zagaye kamar an kafa kwanuka cikin juna.

Akwai maganar da ta fi damuna, kuma ba kasafai ake faɗa wa namu ba. Mai cutar sikila kada ya kama hanyar nan sai likitansa ya amince. Har mai rukunin jini AS, wanda bai taɓa ciwo ba, ƙarancin iska a irin wannan tsayi yana iya toshe masa jijiyoyin saifa. In ka ji ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, asibiti kai tsaye. Haka kuma in numfashi ya gagara kana zaune, ko kana tangaɗi, ko tunani ya rikice, a gangara da kai nan take. Za a miƙo maka shayin ganyen koka a masauki, ganyen da ake yin hodar iblis da shi. A can halastacce ne a doka, amma kada ka kuskura ka sako ganyen a jaka ka taho da shi gida.

[Hoto: jirgin ƙasa a gefen kogi]

Daga Olantaitambo jirgin ƙasa zai kai ka Aguwas Kaliyentes, garin da ke gindin Machu Pichu, cikin ƙasa da sa'a biyu, sai bas ta hau da kai ta hanya mai lanƙwasa. A sayi tikitin shiga tun da wuri, yana da sa'arsa, kuma a riƙe fasfo. Ku kalli wannan hazo yana yayewa. An gina wurin a ƙarni na 15, zamanin sarki Pachakuti na daular Inka, kuma duniya ta san da shi sosai bayan zuwan Ba'amurke Hiram Bingham a 1911. Bari in yi shiru ku gani.

Yanzu ne lokacin Kusko ya yi. Jiki ya saba, sai ka bi lungunansa a ƙafa, ka tsaya gaban dutsen nan mai kusurwa 12, wanda aka haɗa da maƙwabtansa ba tare da siminti ba, ko wuƙa ba ta shiga tsakani. Ni a wurina ginin nan ya fi kowane abu a birnin tsayar da zuciya.

Tafkin Titikaka, mita 3,812, inda mutanen Uros ke zaune a kan tsibiran da suka saƙa da ciyawar ruwa, da dutsen nan mai launin bakan gizo da ya haura mita 5,000, ku bar su sai ƙarshen tafiya. Watannin Mayu zuwa Satumba su ne rani a can, sararin sama garau, amma dare da sanyi mai ratsa ƙashi, don haka a taho da rigar sanyi mai kauri da safa.