Laccar Rumbun Ɓera: Abincin Mutanen Ƙasar Ƙanƙara

To jama'a, na baya kuna jina ko? Madalla. Abu uku zan kawo kan tsirran da mutanen can ƙuryar arewacin duniya suke ci, su Alaska, Girinlan, arewacin Kanada, inda ƙasa take a daskare shekara da shekaru, samanta kawai ke narkewa na wata biyu zuwa uku. Ba gona, ba shuka, sai tsinka.

Na farko 'ya'yan tsiro ne ƙanana, baƙaƙe da ruwan goro, da suke nuna a ƙasa ƙasa, mata su tara a kwaɓa da kitse, ƙabilar Yufik ta Alaska suna ce masa akutak. Wannan mu wuce.

Wanda nake so ku ji shi ne na ɓera. Eh, ɓera! Kar ku yi dariya tukuna. Kafin sanyi ya kama, ɓeran dajin can yana haƙo saiwoyi ƙanana ya tara a rami, rumbunsa kenan. To tsofaffin Yufik sai su bi fili suna taka ƙasa a hankali, inda suka ji ta yi laushi ƙarƙashin ƙafa, nan ne. Su buɗe, su ɗiba, amma fa ba sa kwashewa duka, kuma wasu har busasshen kifi suke ajiye masa su rufe ramin yadda suka same shi. Kun ji, ɓera ana biyansa! Mu nan ai sai tarko. Kuma ku tambayi kakanninku, a shekarun yunwa an haƙa gidan tururuwa a ƙasar nan don neman hatsi, dabara ɗaya ce, sai dai ban ji an bar wa tururuwa ko ƙwaya ba. Ana biyansa fa, na sake faɗa.

Na uku... a'a na biyu ne ko? Ko ma dai na nawa ne, gansakukar dutse. Baturen Ingila John Franklin, a tafiyarsa ta 1819 zuwa 1822 a arewacin Kanada, ita mutanensa suka riƙa kankarowa suna dafawa tana murɗa musu ciki, har fatar takalmi suka ci, mutum 11 cikin 20 ba su dawo ba.

Na'am ɗan'uwa? Yana tambaya wai da sanyi, da ba ganye, ina suke samun bitamin C, dasashi bai zubar da jini? Tambaya mai kyau. Ɗanyar fatar dabbar tekun nan wel tana da shi, ga ciyawar teku, sannan idan sun kashe barewar can, karibu, abin da ke cikin tumbinta ma ci suke, ciyawa ce ta riga ta jiƙa musu. Malam kar ka tambaye ni hukuncinsa! Abin da ba sa taɓawa shi ne hantar farin beyar nan, bitamin A ya yi mata yawa har ya zama guba, ko karnukansu ba sa ba su. An kira salla ko? To mu tashi.